Yadda ake shirya zagayen tarihin unguwa wanda mutum zai bi da wayarsa ba tare da ɗan jagora ba

Kowace unguwa da ke gefen birni tana zaune ne a kan wani abu da ta danne: gona, ko ƙauye, ko rafi, ko masana'antar da ta tara ma'aikata har suka yi gidaje kewaye da ita. Masu rubuta tarihi sun fi tsayawa a tsakiyar birni, su bar irin waɗannan unguwanni ba labari, har mazaunansu su ɗauka wurinsu ba shi da jiya. Zagayen tarihi na waya hanya ce ta gyara wannan. Za ka tsara hanya, ka zaɓi zanguna, ka haɗa wa kowane zango ɗan labari da murya da tsohon hoto, sai mutum ya buɗe wayarsa ya bi shi kaɗai ranar da ya ga dama.

Na shirya irin wannan zagaye sau da yawa, kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne ƙafa da kunne ke yin aikin, waya dako kawai take yi. Duk wanda ya fara da manhaja kafin ya taka unguwar, zai fitar da taswira mai ƙyalƙyali wadda ba mai bin ta har ƙarshe.

Kayan aiki

Wayar hannu mai GPS (abin da ke nuna inda kake a taswira) da kyamara, da pawa bank, domin GPS na shan caji sosai. Littafin rubutu da biro, saboda ba kowane dattijo ne ke sakin baki ba idan ya ga an nufo shi da waya. Taswirar unguwar bugaggiya a takarda, ko kwafi uku, wadda za ka iya yi wa zane son ranka. OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke ginawa da kansu tun 2004, ta wadatar. Iyafis mai makirfo, ko ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga. Manhajar Audacity ta gyaran sauti, kyauta ce. Takardar neman izini mai shafi ɗaya domin waɗanda za ka naɗi muryarsu. Kwamfuta tana sauƙaƙa aikin taswira, amma in babu, waya za ta yi, sai dai haƙuri. Sai abu na ƙarshe, wanda ba a sayarwa: mutum ɗaya da bai san unguwar ba ko kaɗan. Za ka ga amfaninsa a mataki na tara.

1. Shata iyaka, ka riƙe tambaya guda

Kuskuren farko na ɗan koyo shi ne son ya faɗi komai. Ka tsaya a kan kilomita 2 zuwa 3, zanguna 8 zuwa 12. Mutum na tafiyar kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya in bai tsaya ba, to in ka haɗa da tsayuwa da sauraro da ɗaukar hoto, zagayen zai ci awa ɗaya da rabi. Abin da ya wuce haka gajiya ce. Dubi Freedom Trail na birnin Boston a Amurka, wanda ya fi yawancin irinsa suna: tsawonsa kilomita 4 ne kacal, zangunansa 16, ga shi kuwa tarihin kafuwar ƙasa guda yake ɗauke da shi.

Sannan ka samu tambaya ɗaya da za ta zama zaren da ya ɗinke zangunan. Me ya kawo mutane nan tun farko? Ina ruwan da ke bi ta nan ya tafi? Me ya faru da unguwar bayan an rufe masana'antar? Duk ginin da bai amsa tambayarka ba, komai kyansa, ka ajiye shi domin zagaye na biyu.

2. Taka unguwar sau uku kafin ka buɗe wani littafi

Na farko da safe, na biyu da yamma, na uku ranar hutu. Ba ka neman komai takamaimai, ido kake horarwa. Unguwa tana da rubutun da ba a yi da haruffa ba. Titin da ya karkace alhali sauran duk a miƙe suke, galibi tsohuwar hanya ce ko gaɓar rafi ko iyakar gona, wadda ta riga masu awon filaye zuwa. Wurin da ruwa ke taruwa duk lokacin da aka yi ruwan sama, sau da yawa akwai rafin da aka binne a kwalbati a ƙarƙashinsa. Jerin gidaje masu fasali iri ɗaya yana nuna hannu ɗaya ya gina su lokaci ɗaya, ko kamfani ko hukuma. Doguwar bishiyar da ta girmi duk gidajen da ke kewaye da ita shaida ce. Sunayen tituna ma haka: wanda ke ɗauke da sunan rijiya ko gada ko injin niƙa alhali babu ko ɗaya a wurin, yana faɗa maka abin da ya taɓa kasancewa.

Ka lura da tashar jirgin ƙasa ko ta mota in akwai, domin yawancin unguwannin gefen birni hanyar sufuri ce ta haife su. Layin dogo na Metropolitan da aka buɗe a Landan a 1863 ya miƙa arewa maso yamma daga baya, gonaki suka zama unguwanni a gefensa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan labari ya maimaitu a birane da dama.

Duk abin da ya ɗauki hankalinka, yi masa alama a taswirar takarda, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta tambayar da ya tayar maka.

3. Tono takardu

A nan ne aikin ke cin lokaci, kuma a nan ne daɗinsa yake. Fara da tsofaffin taswirori, domin ba abin da ya kai su saurin buɗe ido. Ka samu aƙalla biyu na zamani daban-daban, ka jera su da ta yau. Wasu manyan ɗakunan karatu sun zuba nasu a intanet kyauta. Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sikotland yana da shafin da ake ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau, kana jan wani maɓalli tana dusashewa tana bayyana. Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka yana da taswirorin Sanborn, waɗanda aka zana domin kamfanonin inshorar gobara, har abin da aka gina kowane gida da shi suna nunawa. A Ostareliya akwai Trove, inda ake bincika tsofaffin jaridu da kalma ɗaya. In ƙasarka ba ta da irin waɗannan, nufi ofishin safiyo da na tsara birane da ma'ajiyar takardun gwamnati, ka nemi taswirar awon filaye da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. In duk wannan ya faskara, Google Earth Pro na kwamfuta yana da alamar agogo da ke mayar da kai hotunan shekarun baya. Ba ya nisa sosai a wurare da yawa, amma yakan nuna gonar da ta zama rukunin gidaje.

In ka samu taswirar takarda, ɗauki hotonta a shimfiɗe, ka kai ta shafin Map Warper. Za ka nuna wurare aƙalla uku da ba su motsa ba tsakanin jiya da yau, sai ya daidaita ta a kan taswirar zamani. Zaɓi mararraba ko gada ko kusurwar tsohon gini, kuma su kasance nesa da juna. Kada ka zaɓi gaɓar kogi, kogi yana sauya kwanciya.

Bayan taswira sai jaridu, musamman tallace-tallacen sayar da filaye da sanarwar buɗe makaranta ko asibiti. Sai rajistar makarantu da wuraren ibada, da rubutun da ke kan kaburbura inda ake yin sa.

Ga gargaɗin da na koya da wahala. Shekarar da aka zana a goshin gini ba lallai ba ne ta zama shekarar gina shi. Na taɓa sanya irin wannan shekara a wani zagaye, sai wata tsohuwa da ta yi aiki a wurin ta nuna mini cewa shekarar kafa kamfanin ce, ginin kuwa ya zo bayan haka da nisa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na faɗin shekara ko suna sai na same shi a wurare biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma na intanet da suka kwafi littafi ɗaya, shaida ɗaya ce. Ka buɗe jadawali, kowane batu da inda ka samo shi, domin wata rana za a tambaye ka.

4. Zauna da waɗanda suka daɗe a wurin

Da ɗan gari akan ci gari. Takarda za ta ba ka shekarar da aka buɗe masana'anta, amma ba za ta faɗa maka ƙarar jiniyarta da asuba ba, ko yadda titi ke cika idan an tashi aiki. Nemi tsofaffin ma'aikata, masu shagon da suka daɗe, malaman makaranta da suka yi ritaya, direbobi, masu kai wasiƙu. Kada ka tsaya ga maza kaɗai ko ga masu faɗa a ji. Matan da suka yi reno a unguwa sun san lungunanta fiye da kowa, kuma waɗanda suka zo daga baya su ma suna da nasu tarihin.

Kafin ka danna naɗi, bayyana abin da za ka yi da muryar, cewa za ta hau intanet kowa ya ji, ka karɓi izini a rubuce. In mutumin ba ya rubutu, ya faɗi amincewarsa a farkon naɗin. Ka ba shi damar a ɓoye sunansa, da damar janyewa daga baya.

Kada ka ce "ba ni tarihin unguwar nan", za ka samu jawabi ne. Miƙa masa tsohon hoto ko taswira ka ce, "Ina gidanku yake a nan?" ko "In kin fito daga makaranta, ta ina kike bi?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne rabin sana'ar, domin abu mafi daraja yakan fito ne bayan mutum ya ɗan yi jim. In ƙafarsa na iyawa, ku taka tare, wuri yana farkar da tunani fiye da tambaya.

Tunanin ɗan'adam yana riƙe ƙamshi da fuska da tsoro da kyau, amma yana rikita shekaru. Saboda haka ka ɗauki yanayi daga baki, ka ɗauki shekara daga takarda. In labarin baka ya saɓa wa takarda kuma ba ka iya rabewa ba, faɗi duka biyun a zagayen, kowanne da mai shi. Masu sauraro suna son haka, ba ya rage maka daraja.

5. Jera zanguna

Sharaɗin zango shi ne a samu abin kallo. Ko da ginin ya rushe, a samu ragowar katanga, ko tudu, ko tsohon hoton da za a riƙe a gwada da abin da ke gaban ido. Tsakanin zango da zango kada ya wuce tafiyar minti biyar. Ka sa hanyar ta zagayo ta ƙare kusa da inda ta fara, kuma mafarin ya zama wurin da abin hawa ke kaiwa. Zango mafi ƙarfi kada ya zama na ƙarshe, domin ba kowa ke kaiwa can ba. Sanya shi na biyu ko na uku.

Ga kowane zango, tsaya da ƙafarka a daidai inda kake so mutum ya tsaya. Akwai inuwa? Mota ba za ta taɓa shi ba yana kallon waya? Mai keken guragu ko mai tura jariri zai iya isowa? In akwai matakala, nemi wata hanyar ka ambace ta. Gidan da mutane ke zaune ciki kuwa, kada ka mai da shi zango sai da yardar masu shi, kuma ko sun yarda ka faɗa wa masu zagaye su tsaya a titi. Haka wuraren ibada da maƙabartu, a nemi izinin masu kula da su. Akwai hikima a ƙa'idar allunan tunawa masu launin shuɗi na Landan, tsarin da ya faro a 1866: ba a manna wa mutum allo sai ya shekara 20 da rasuwa. Ba dole ka bi wannan adadi ba, amma ka yi hattara da labarin da zai taɓa mutuncin wanda 'ya'yansa ke raye a layin.

6. Rubuta domin kunne

Kowane zango minti ɗaya da rabi zuwa biyu, ba ƙari. Mutumin yana tsaye ne, rana ko iska na dukansa, motoci na wucewa. Karanta rubutunka da ƙarfi kana duba agogo, ka yanke abin da ya yi yawa ba tausayi.

Tsarin da ya fi yi mini aiki kashi huɗu ne. Na farko ka daidaita masa tsayuwa: "Juya bayanka ga titi, ka dubi taga ta uku daga hagu." Na biyu ka nuna masa abin da bai lura da shi ba, kamar bulon da launinsa ya bambanta inda aka toshe tsohuwar ƙofa. Na uku labari ɗaya tak, wanda akwai mutum a cikinsa. Na huɗu kwatancen zango na gaba. Shekara ɗaya ko biyu sun isa a kowane zango, kunne ba ya riƙe jerin lambobi. Sauran ka zuba su a rubutun da ke ƙarƙashin hoton domin mai son ƙari.

Wajen kwatance, kada ka ce gabas ko arewa, yawancin mutane ba sa gane su a cikin gine-gine. Kada kuma ka kafa alama da shago ko fentin gida, shago na sauya hannu, fenti na sauya launi. Yi amfani da gada, mararraba, hasumiya, shataletale. Kuma ka faɗi gaskiya ko da ba daɗi. In an tashi wasu mutane ne aka gina unguwar, wannan yana cikin tarihinta, kuma jikokinsu za su bi zagayen.

7. Naɗi murya

Nemi ɗaki mai labule da katifa ko tarin tufafi, su ke shanye amsa-kuwwa. Kashe fanka da firji, sa wayar a yanayin jirgin sama. Makirfo ya yi nisan taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. Yi magana kamar kana yi wa aboki ɗaya bayani a gefenka. A Audacity ka yanke tari da kame-kame, ka daidaita ƙarfin sautin duk fayilolin, ka saka guntayen muryoyin dattawa, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowanne. Fitar da shi a MP3, sauti mai layi ɗaya, 64 kbps. Minti ɗaya zai zo kusan rabin megabait, zanguna goma na minti bibbiyu wajen megabait 10, wanda ba zai cinye wa kowa data ba. Kiɗa a ƙarƙashin magana ba na ba da shawararsa, ƙarar titi ta ishi kunne. Kuma kowace murya a ajiye rubutunta a gefe domin kurame da wanda ya manta iyafis.

8. Ɗora shi a taswira

Hanya mafi sauƙi ita ce Google My Maps, shafin da mutum ke zana taswirarsa da kansa. Ka dasa alama a kowane zango, ka ba ta lamba da suna, ka saka hoto da rubutu da adireshin fayil ɗin murya, ka ja layin hanya, ka buɗe shi ga duk mai adireshin. Matsalarsa yana buƙatar intanet. Maganin haka, fitar da taswirar a fayil na KML, nau'in fayil ɗin taswira, ka ajiye inda za a sauke, domin manhajoji irin su Organic Maps suna buɗe shi ba tare da data ba. In kana son murya ta tashi da kanta idan mutum ya iso zango, akwai dandamali irin su izi.TRAVEL da VoiceMap. Karanta sharuɗɗansu da kyau, musamman batun wa ya mallaki abin da ka ɗora. In kuwa duk wannan ya yi maka nauyi, fayil ɗaya na PDF mai taswira da hotuna, da muryoyi masu lamba 1 zuwa 10 da ake turawa ta WhatsApp, zagaye ne cikakke.

GPS na waya yakan yi kuskuren wajen mita 5 a fili, ya fi haka a tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi. Don haka kada ka dogara da inda waya ta ce kana tsaye. Dasa alamar da hannunka kana kallon hoton tauraron ɗan'adam. Da'irar da ake shatawa kewaye da zango domin murya ta tashi idan an shige ta kuma ka ba ta faɗi, mita 20 zuwa 30, kuma kada da'irori biyu su haɗu.

Hotuna suna da masu su. A ƙasashe da yawa haƙƙin mallaka yana ci gaba shekara 50 ko 70 bayan rasuwar mai ɗaukar hoton. Nemi izini, ko ka duba Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna ta intanet, ka bi sharaɗin da ke ƙarƙashin kowane hoto. Hoton da iyali suka ara maka, ɗauki kwafinsa a gabansu ka miƙa musu abinsu nan take.

In za ka manna lambar QR a zanguna, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haska wa kyamarar waya ya buɗe shafi, nemi izinin mai bango ko hukuma tukuna. Wajen ƙirƙirar lambar, zaɓi mataki mafi ƙarfi na gyaran kuskure, wanda ake kira H, domin lambar na karantuwa ko da kusan kashi 30 cikin 100 nata ya lalace. Faɗinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a tsaya. Ka guji shafukan da ke ba ka lambar da ke bi ta adireshinsu. Na taɓa buga sitika na zagaye guda da irin wannan, wa'adin gwaji ya ƙare, duk suka mutu rana ɗaya. Lambar ta nufi adireshin da kai ke riƙe da shi kai tsaye, kuma ka rubuta gajeren adireshin a ƙasanta.

9. Gwada shi da baƙo

Yanzu ne lokacin mutumin nan da bai san unguwar ba. Ba shi adireshin a wayarsa, ba taka ba, ka bi shi a baya da littafinka, bakinka a rufe. Zai yi kwana inda bai kamata ba, zai tsaya yana kallon ginin da ba shi kake nufi ba, zai tsallake murya tun ba ta kai rabi ba. Kada ka gyara masa, rubuta kawai. Duk inda ya ɓata laifin kwatancenka ne, duk inda ya ƙosa tsawon labarinka ne. Gyara, ka sake gwadawa da wani, zai fi kyau dattijo ko yaro, da kuma waya mai ƙaramin ƙarfi. Bayan nan ka koma wurin waɗanda suka ba ka labari, su ji yadda muryarsu ta fito kafin duniya ta ji.

10. Bayan an sake shi

Rubuta a shafin farko tsawon hanya, lokacin da take ci, wuraren da ke da matakala, da ranar da aka duba ta ƙarshe. Bar adireshin da za a aiko da gyara, za a aiko kuwa, kuma mafi kyawun hotunan da na samu bayan fitar zagaye suka zo. Ka taka hanyar da kanka duk wata shida, domin ana rushe gini, ana toshe lungu, rana tana cinye sitika. Asalin muryoyin da ba a yanke ba, da takardun izini, da jadawalin madogara, ka ajiye su a wuri biyu, ka kai kwafi na uku ɗakin karatu ko gidan adana tarihi mafi kusa, tare da takardar da ta bayyana wace murya aka yarda kowa ya ji, wace ce kuma mai ita ya ce a riƙe.